Shari'ar Lexington Law: Yadda Aka Sayar wa Amurkawa Miliyan 4.3 Alkawarin Wanke Tarihin Bashi

A ranar 5 ga Disamba, 2024, hukumar CFPB, wadda ke kare jama'ar Amurka a hulɗarsu da bankuna da masu ba da bashi, ta sanar da cewa za ta raba dala biliyan 1.8 ga mutum miliyan 4.3. Dukkansu tsofaffin abokan cinikin kamfanoni biyu ne, Lexington Law da CreditRepair.com, waɗanda suka shafe shekaru suna cirar kuɗi duk wata daga asusun mutane da sunan gyara musu tarihin bashi. In da raba-daidai aka yi, kowa zai tashi da abin da bai wuce dala 420 ba. Hukumar ba ta taɓa fitar da diyya mai yawan wannan daga asusunta na waɗanda aka zalunta ba.

Waɗannan ba 'yan damfarar lungu ba ne masu canza lambar waya duk mako. A lokacin shari'ar, Lexington Law ofishin lauyoyi ne mai rajista a jihar Utah, ƙarƙashin sunan lauya John C. Heath. Kamfanin da ke yi masa talla da kiran waya, Progrexion, shi ne kuma mamallakin CreditRepair.com a lokacin, kuma a shekarar 2022 kaɗai kuɗin shigarsu a haɗe ya kai wajen dala miliyan 388. A wancan lokacin suna cikin na kan gaba a wannan sana'a a faɗin ƙasar. Wannan ne ya sa shari'ar take da amfani ga mai son ya gane cutar da ke cikin harkar. Wanda ya zo da ƙarya tsirara ba wuyar ganewa. Mai ofis da lauyoyi da takardar yarjejeniya shi ne ke buƙatar a zauna a duba shi da kyau.

Abin da ke kai mutum hannunsu

Mafi yawan manya a Amurka suna da fayil a hannun manyan kamfanoni uku masu ajiye bayanan bashi: Equifax, Experian da TransUnion. Bankuna da masu katin bashi da kamfanonin karɓo bashi su ke aika musu labarin kowa: nawa ya ci, nawa ya biya, wane wata ya makara. Daga wannan fayil ake fitar da maki. Wanda aka fi amfani da shi, na kamfanin FICO, yana farawa daga 300 ya tsaya a 850. Mai gidan haya yana duba rahoton kafin ya miƙa makulli. Dillalin mota yana dubawa kafin ya yanke kuɗin ruwan da zai ɗora. Wasu masu ɗaukar aiki ma suna dubawa, da izinin mai neman aikin. Mutum biyu za su sayi mota iri ɗaya a rana ɗaya, mai ƙaramin maki ya ƙare da biyan dubban daloli fiye da ɗan'uwansa.

Dokar rahoton bashi ta 1970 ta ce mummunan bayani, kamar makarar biya ko bashin da aka miƙa wa masu karɓowa, zai iya zama a fayil har shekara 7, ana ƙirgawa daga lokacin da aka fara saɓa biya. Bayanin karayar arziki da aka kai kotu kuwa yana iya kai shekara 10. Ga wanda rashin lafiya ko korar aiki ta jefa cikin wannan hali, shekara bakwai tana da nisa ƙwarai. Yara suna girma a ɗaki ɗaya, ana neman gida ana hana shi. Duk wanda ya zo ya ce masa akwai gajeriyar hanya, zai saurara. Ba wauta ce ta kai mutanen nan ba, matsi ne, kuma bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Akwai kuma gaskiyar da 'yan wannan sana'a suke jingina da ita: fayilolin suna da kurakurai. Binciken da hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fitar a farkon 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a aƙalla ɗaya daga rahotanninsa uku, kuma kashi 5 cikin ɗari suna da kuskuren da zai iya sa a tsawwala musu sharuɗɗan bashi. Ana liƙa wa mutum bashin mai irin sunansa. Ana nuna bashin da aka biya kamar ba a biya ba. Buƙatar gyara tana nan da gaske.

Yadda cinikin yake tafiya

CFPB ta shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Utah a watan Mayu na 2019, kuma zarge-zargen sun kasu gida biyu.

Na farko ya shafi yadda ake kamo mutane. Bisa ga ƙarar, Progrexion yana biyan wasu 'yan kamasho na waje su kawo masa abokan ciniki. Su kuma sai su yi tallan abin da talaka yake nema ido rufe: gidan da za ka zauna kana biyan haya har ya zama naka, ko bashin sayen gida komai lalacewar makinka. Mutum ya kira yana zaton ya dace. Sai a gaya masa cewa akwai ɗan gyaran da za a fara yi wa makinsa tukuna, nan take a haɗa shi da ma'aikacin Lexington Law ko CreditRepair.com ba tare da ya ajiye wayar ba. Hukumar ta ce akwai cikin waɗannan 'yan kamasho wanda ba ya ba da bashin gida ko kaɗan, aikinsa kawai miƙa masu kira. Wanda ya kira don neman muhalli sai ya ajiye waya da sabon nauyin biya duk wata, gidan kuwa babu shi tun farko.

Na biyu shi ne lokacin karɓar kuɗi, kuma a kansa shari'ar ta tsaya. Da zarar mutum ya amince, ana cire masa kuɗin fara aiki cikin 'yan kwanaki, sannan kuɗin wata-wata, daga wajen dala 80 zuwa 130 gwargwadon tsarin da ya zaɓa. Haka za a yi ta cira har ranar da shi da kansa ya ce a tsaya, ko makin ya motsa ko bai motsa ba.

Me ake yi masa da kuɗin? Galibi wasiƙu ne. Ana rubuta wa kamfanonin nan uku da masu bin bashi ana ƙalubalantar bayanan da ke fayil. Wannan kuwa haƙƙi ne da doka ta ba kowane mutum kyauta. Idan ka ga abin da ba daidai ba a rahotonka, ka rubuta wa kamfanin, ta wasiƙa ko ta intanet, wajibi ne ya bincika cikin kwana 30, a wasu yanayi har 45. In bayanin ƙarya ne ko an kasa tabbatar da shi, dole a gyara ko a goge. Babu wata ƙofa ta musamman da lauya ke bi wadda aka rufe wa mai fayil. Akwai ma inda wasiƙar mutum da kansa ta fi ƙarfi, domin ƙa'idar tarayya ta sauke wa banki ko mai bin bashi wajibcin bincikar ƙorafin da aka aiko masa kai tsaye idan kamfanin gyaran bashi ne ya shirya shi.

Sharaɗin wata shida

Dokoki biyu ne ke kula da wannan sana'a. Akwai ta 1996 da aka yi musamman don kamfanonin gyaran tarihin bashi. Ta hana su karɓar kuɗi kafin su kammala aikin da suka ɗauka, ta wajabta yarjejeniya a rubuce, ta ba abokin ciniki kwana 3 na aiki ya janye ba tare da biyan ko sisi ba, ta kuma haramta musu ba mutum shawarar ya yi ƙarya game da tarihinsa. Kamfanonin sun daɗe suna kauce wa wannan ta hanyar cewa kuɗin da suke cira a ƙarshen wata na aikin da suka riga suka yi ne a watan, wato wasiƙun da suka aika.

Ɗayar kuma ƙa'idar sayar da kaya ta waya ce, kuma ta fi tsanani nesa ba kusa ba. Ta ce duk wanda ya sayar da aikin gyaran bashi ta waya ba zai nemi kuɗi ba sai lokacin da ya ɗiba na aikin ya cika, sannan ya miƙa wa abokin cinikin rahoton bashi da ke nuna an samu sakamakon da aka yi alkawari, kuma rahoton ya zama an fitar da shi fiye da wata 6 bayan samun sakamakon.

Wanda bai san harkar ba zai ce an matsa musu da yawa. Amma wata shidan nan yana da dalili. Idan aka cika kamfanonin ajiye bayanai da wasiƙun ƙalubale, yakan faru mai bin bashi bai amsa cikin wa'adi ba, sai a goge bayanin. Makin mutum ya ɗan tashi, ya yi murna, ya ci gaba da biya. Daga baya mai bin bashin ya tabbatar da cewa bashin gaskiya ne, sai a mayar da shi inda yake. Doka ta yarda da haka, in dai an tabbatar an kuma sanar da mai fayil a rubuce cikin kwana 5 na aiki. Saboda haka gogewar yau ba shaida ba ce. Abin da ya tsaya a goge bayan wata shida shi ne aka gyara da gaske, kuma shi kaɗai ya cancanci lada.

Kamfanonin sun kare kansu da cewa su ba sa yi wa kowa alkawarin wani sakamako, don haka ƙa'idar ba ta hau kansu ba. A ganina wannan kariya ita ce ta fi komai tona asirin sana'ar. Mutum yana biyan dala ɗari duk wata saboda ya yi imani makinsa zai tashi, da wannan fata aka jawo shi, amma a gaban alƙali sai a ce ai ba a taɓa cewa zai tashi ba. Kuma duk tsarin da ake biya wata-wata ba tare da ranar gamawa ba, jinkiri riba ne ga mai karɓa. Wanda aka gama wa aiki a wata biyu ya daina kawo kuɗi. Wanda aka ja shi shekara guda ya zuba fiye da dala dubu, kuɗin da in da ya kai wa masu binsa bashi, da ya rage nauyin da ke danne makin nasa tun asali.

A watan Maris na 2023 kotun ta yanke cewa kamfanonin sun karya ƙa'idar hana karɓar kafin alƙalami. Ba a daɗe ba suka rufe wajen kashi 80 cikin ɗari na harkokinsu, har da cibiyoyin kiran waya, a watan Yuni kuma suka nemi kariyar kotun karayar arziki. A ƙarshen Agusta aka cimma matsaya: hukuncin diyyar dala biliyan 2.7, tarar da ta haura dala miliyan 64, da haramcin sayar da gyaran bashi ta waya na shekara 10. Zargin yaudara ta hannun 'yan kamasho bai kai ga a yanke masa hukunci daban ba, sulhun ya haɗa da shi. Da yake kamfanonin sun karye, biliyan 2.7 ɗin ba ta fito daga aljihunsu ba. Abin da aka raba wa mutane an ɗebo shi ne daga asusun da CFPB ke zuba tarar da ta ci wasu kamfanoni. An fara shari'ar lokacin da Kathy Kraninger, wadda Shugaba Trump ya naɗa, take jagorantar hukumar, aka kammala ta a zamanin Rohit Chopra, wanda Shugaba Biden ya naɗa. Haramcin kuma na waya ne kawai, bai hana sana'ar ci gaba ta intanet ba.

Waɗanda suka fi su muni

A ƙasan manyan kamfanonin akwai wasu da ba kuɗi kaɗai suke ci ba, har kurkuku suna iya jefa mutum. Akwai masu sayar da lamba mai alƙaluma tara da suke kira CPN, suna cewa sabuwar shaida ce ta halal da za ka riƙa rubutawa a madadin lambarka ta gwamnati don ka buɗe sabon fayil. Babu wata hukuma da ke ba da irin wannan lamba. Sau da yawa lambar wani ce aka sato, ta yaro ƙarami ko tsoho ko ɗan fursuna, kuma rubuta ta a takardar neman bashi laifi ne a dokar tarayya. Wanda ya sa hannu shi za a kama, ba mai sayarwa kaɗai ba. Akwai kuma masu shigar da rahoton ƙarya cewa an sace wa mutum shaida, don a toshe basussukan da shi da kansa ya ci. A 2022 FTC ta kai wani kamfani na jihar Texas kotu a kan irin wannan. Ga baƙon da takardun zamansa ba su gama nuna ba, irin 'yan'uwanmu da ke unguwar Bronx ta New York daga Kumasi ko Yamai ko Kano, laifi irin wannan yana iya rusa duk wahalar da aka sha.

Alamomin ba su da yawa kuma ba sa canzawa. Ya nemi kuɗi kafin ya yi komai. Ya ce zai goge bayanin da kai ka san gaskiya ne kuma bai kai shekarunsa ba. Ya faɗi adadin makin da zai ƙara maka da ranar da za ka gani. Ya ce kada ka tuntuɓi kamfanonin ajiye bayanai da kanka. Ko ya ce ka musanta bashin da ka ci. Ɗaya daga ciki ya isa a ajiye waya.

Hanyar da doka ta sani

Ana farawa da ganin fayil ɗin. Dokar 2003 ta ba kowa rahoto kyauta sau ɗaya a shekara daga kowanne cikin kamfanonin uku ta shafin AnnualCreditReport.com. Tun 2020 suka mayar da shi duk mako, a 2023 kuma suka tabbatar da hakan dindindin. A karɓi duka ukun, domin ba lallai su zo iri ɗaya ba. A bi su layi-layi. Inda aka ga kuskure, a rubuta ƙorafi ɗaya bayyananne: ga asusun, ga abin da ba daidai ba, ga kofin rasidi ko wasiƙar banki. A ajiye kofin komai. In an wuce wa'adi ba amsa, ko amsar ba ta gamsar ba, a kai kuka CFPB, shi ma kyauta ne. Wasu abubuwan ma an cire su ba tare da kowa ya nema ba: tun 2022 kamfanonin uku suka daina nuna bashin asibiti da aka riga aka biya, a 2023 suka cire wanda bai kai dala 500 ba.

Abin da yake gaskiya kuwa ba ya goguwa, sai dai a binne shi da sabon tarihi. FICO ta bayyana yadda take auna makinta: kashi 35 cikin ɗari biya a kan lokaci ne, kashi 30 yawan bashin da ke kan mutum, kashi 15 daɗewar tarihinsa, sauran 20 kuma sababbin basussuka da nau'o'in bashin da yake da su. Kusan kashi biyu cikin uku ke nan suna hannun mai fayil, kuma babu lauyan da zai yi masa su. Nauyin tsohuwar makara yana raguwa da shekaru tun kafin a goge ta, muddin ba a ƙara wata a kai ba.

Wanda banki ya ƙi ba shi kati, ko sabon zuwa da ba shi da fayil sam, yana iya buɗe katin jingina. Zai ajiye kamar dala 200, a ba shi katin da iyakarsa ke nan, ya riƙa ɗan sayen mai ko cefane, ya biya duka kafin ranar wa'adi. Masu ba da shawara kan ce kada abin da aka kashe ya wuce kashi 30 cikin ɗari na iyakar, in ya gaza haka ma ya fi. Wanda ke biyan duka a kan lokaci ba a ɗora masa kuɗin ruwa a kan sayayyarsa, kuma ba gaskiya ba ne cewa sai an bar saura maki zai tashi. Wannan yana da muhimmanci ga Musulmi, ko da yake malamai sun yi saɓani a kan sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa tun asali, don haka mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda bashi ya riga ya yi wa katutu kuma, akwai ƙungiyoyin ba da shawara da ba na neman riba ba, irin waɗanda ke ƙarƙashin NFCC, gamayyar irin waɗannan ƙungiyoyi a Amurka, masu zama da mutum su tsara yadda zai biya. Abu ɗaya da za a kiyaye: a wasu jihohi, biyan ɗan wani abu a kan tsohon bashin da wa'adin kai ƙararsa ya wuce yana iya farfaɗo da damar kai mutum kotu, saboda haka a bincika kafin a tura ko dala ɗaya.

Najeriya ma ta hau wannan layi. Akwai dokar rahoton bashi ta 2017, akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki, wato CRC, FirstCentral da CreditRegistry, kuma lambar shaidar banki ta BVN tana bin mutum daga banki zuwa banki. Wanda ya ci bashin manhajar waya bai biya ba yana iya samun sunansa a can. Duk mai cewa a turo masa kuɗi ya wanke BVN, sana'ar da aka yi bayani a sama yake yi da sabuwar riga. Wanda ya kai sunan, wato bankin ko kamfanin bashin, shi ke da ikon sabunta shi. A biya, a karɓi takardar shaidar kammala biya, a kai ta kamfanin ajiye bayanan in ba a gyara ba.

Su kuwa mutum miliyan 4.3 ɗin, an fara aika musu cek ta gidan waya daga Disambar 2024 zuwa Janairun 2025, kuma ba a buƙaci kowa ya cika wata takarda ba. Hukumar ta sha jan kunnen jama'a cewa ba ta neman ko sisi kafin ta biya diyya, ba ta kuma neman lambar sirrin asusun kowa, domin duk lokacin da aka yi irin wannan rabo sai an samu masu kiran mutane suna cewa a biya kuɗin aiki kafin cek ya fito.